Masana'antar Möller ta Hagerstown: Gidan da Aka Koya wa Dalma Waƙa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla ya san bambancin muryar kakaki da ta algaita, ko da kuwa bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Kakaki dogo ne, muryarsa mai kauri. Algaita gajeriya ce, muryarta siririya mai ratsa kunne. Sarewar makiyayi kuma tata daban ce, mai taushi. To, mai karatu ya ƙaddara a ransa cewa an tara irin waɗannan abubuwan busa guda dubu uku ko dubu goma a ɗaki ɗaya, kowanne da tsawonsa da muryarsa, aka kafa su a kan akwatunan iska, sa'an nan aka ba mutum ɗaya tak ikon busa su duka da yatsunsa da ƙafafunsa. Wannan shi ne abin kiɗan da ake kira ogan mai bututu. Ana samun sa a manyan majami'u da zaurukan taro na jami'o'i da tsofaffin gidajen silima na Turai da Amurka.

Abin kiɗan tsoho ne ƙwarai. Wani masanin injiniya mai suna Ktesibios ne ya ƙirƙiro na farkonsa a birnin Iskandariyya ta Masar, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma da nauyin ruwa yake daidaita ƙarfin iskarsa. A ƙarni na 9, 'ya'yan Musa bin Shakir su uku, waɗanda suka shahara a Bagadaza da sunan Banu Musa, sun bayyana wata na'urar busa mai kaɗa kanta da ƙarfin ruwa. Amma ba wannan dogon tarihi ne ya dame mu a yau ba. Za mu duba gida ɗaya ne daga cikin gidajen da aka ƙera wannan abu, wato masana'antar M. P. Möller da ke garin Hagerstown a jihar Maryland ta Amurka, wadda ta fitar da ogan fiye da 11,000 kafin ta rufe a 1992, daga baya kuma gobara ta auka wa gininta.

Ɗan koyon keken doki

An haifi Mathias Peter Möller a 1854 a tsibirin Bornholm na ƙasar Denmak. Yana yaro aka ba shi koyon sana'ar ƙera keken doki, a nan ya iya sarrafa katako da ƙarfe da fata. A 1872 ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya sami aiki a wata masana'antar ogan a garin Erie na jihar Pennsylvania. Bayan shekara uku, a 1875, ya ɓalle ya fara tasa. Ya ɗan yi yawo tsakanin garuruwan jihar, har ya zauna a Greencastle, kafin manyan mutanen Hagerstown su jawo shi garinsu a 1881.

Zaɓen garin ba a banza ba ne. Hagerstown mahaɗar layukan dogo ce, tana da nisan kimanin kilomita 110 daga Washinton, haka kuma daga Baltimore. Mai ƙera kayan da nauyinsu ke kai tan da yawa, wanda kuma dole ya sayo katako da dalma daga nesa, ba abin da yake bukata kamar jirgin ƙasa a bakin ƙofarsa. Masana'antarsa ta farko a garin ta ƙone a 1895. Ya sake gina wata da jan bulo a titin North Prospect, aka shiga a 1896, aka yi ta ƙara mata sassa shekara da shekaru har ta zama kamar unguwa guda. Wannan gini na biyu shi ne abin da muke magana a kai.

Yadda bututu ke magana

Kafin mu shiga cikin ginin, ya kamata mu fahimci abin da ake ƙerawa a ciki, domin siffar ginin daga nan ta samo asali.

Bututun ogan iri biyu ne. Na farko, wanda ya fi yawa, ɗan'uwan sarewa ne, ba wani abu mai motsi a cikinsa sai iska. Iska tana shiga ta ƙafar bututun, ta fito ta wata siririyar tsaga kamar zare mai faɗi, ta doki leɓen wata 'yar taga da ake kira baki. Wannan zaren iska ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana kaɗawa ciki da waje, ciki da waje, iskar da ke cikin jikin bututun kuma ita ce ke tsara masa saurin kaɗawar. Na biyu ɗan'uwan algaita ne. A cikin ƙafarsa akwai wani siririn harshe na tagulla wanda iska ke girgizawa, dogon jikin da ke bisansa kuma yana ƙara wa muryar ƙarfi da launi.

Me ya sa dogon bututu ke da murya mai kauri? Sauti yana tafiya cikin iska da gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, idan zafin iskar ya kai digiri 20 a ma'aunin Salsiyas. A bututun da kansa ke buɗe, kaɗawa ɗaya tana cika ne bayan matsin iskar ya je ƙarshen bututun ya komo. Ke nan idan ana son sanin sau nawa zai kaɗa a daƙiƙa, sai a raba 343 da ninkin tsawonsa. Alal misali, bututu mai ƙafa 8 tsawonsa mita 2.44 ne. Ninkinsa 4.88. Idan aka raba 343 da 4.88 za a sami kimanin 70. A zahiri irin wannan bututu yana kaɗawa kimanin sau 65 ne a daƙiƙa, ba 70 ba, saboda iskar da ke kaɗawa tana ɗan leƙowa waje ta baki da ta kai, sai bututun ya zama kamar ya ɗara tsawonsa na gaskiya. Ɗalibi ya lura da wannan 'yar tazara tsakanin lissafin allo da abin da kunne ke ji, domin a cikinta gwanintar maƙeri take.

Idan aka ninka tsawon ya zama ƙafa 16, kaɗawar za ta ragu zuwa rabi, wato kimanin 33. Mai ƙafa 32 kuwa yana kaɗawa kimanin sau 16 kacal a daƙiƙa, wanda ke bakin iyakar abin da kunnen ɗan'adam ke iya ji. Irin wannan murya a ƙirji da tafin ƙafa ake jin ta fiye da a kunne. A ɗaya gefen kuma akwai 'yan ƙananan da sashensu mai magana bai kai gaɓar ɗan yatsa ba, masu kaɗawa fiye da sau 8,000.

Akwai wata dabara ta rage tsada. Idan aka toshe kan bututu, matsin iskar sai ya yi zuwa da komowa sau biyu kafin kaɗawa ɗaya ta cika, don haka bututu mai ƙafa 8 da aka toshe yana ba da kaurin muryar buɗaɗɗe mai ƙafa 16. Sai dai launin muryar yakan canza ya zama mai ɗan duhu, domin toshewar tana kashe rabin ƙananan muryoyin da ke rakiyar babbar. Malamai za su iya gwada wannan a aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A yanko karan ganyen gwanda mai santimita 15, a toshe ƙasansa da yatsa, a hura iska a gicciye ta bakinsa. Lissafi ya nuna zai kaɗa wajen sau 570 a daƙiƙa. A yanko wani mai rabin tsawon, a gwama muryoyin biyu.

Tun da kowane bututu murya ɗaya tak yake bayarwa, kowane madanni yana bukatar nasa. Jerin madannan hannu yana da 61, na ƙafa kuma 32. Saboda haka launin murya ɗaya kaɗai yana cin sahu guda na bututu 61. Ogan mai sahu 40 ya doshi bututu 2,500 ke nan. Nan ne mai karatu zai gane dalilin da ya sa ake bukatar masana'anta sukutum.

Daga tukunya zuwa baki

A irin wannan gida, aikin bututun ƙarfe yana farawa ne a ɗakin narki. Ana haɗa dalma da kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙa a tsaunukan Jos, a narka su a tukunya ɗaya. Dalma tana narkewa a digiri 327, kuza a 232. Abin mamaki shi ne gaurayensu yana iya narkewa a ƙasa da haka duka, har zuwa digiri 183 idan kuza ta kai wajen kashi 62 cikin ɗari. Ana zuba narkakken ƙarfen a wani kwami na katako marar gindi, mutum biyu su ja shi da sauri a kan dogon tebur na dutse da aka shimfiɗa wa ƙyalle, ya bar falle mai sheƙi a bayansa. Saurin tafiyarsu shi ke ƙayyade kaurin fallen. Idan kuza da dalma sun yi kusan daidai wa daida, fallen yakan fito da ɗige-ɗige kamar jikin damisa yayin da yake hucewa, domin sassan gaurayen ba sa daskarewa lokaci guda. Masu sana'ar kan dubi girman ɗigon su faɗi yawan kuzar da ke ciki. Manyan bututai kuwa da tutiya ake yin su, saboda dalma tana da laushi, dogon bututun dalma yakan lanƙwashe ƙarƙashin nauyin kansa bayan shekaru. Wasu sahun kuma na katako ne, masu kusurwa huɗu.

Daga nan sai a yanka fallen bisa awo, a naɗe shi a jikin sandar ƙarfe, a liƙe gefe da gefe. Wannan liƙi shi ne jarrabawar maƙeri, domin abin liƙin da jikin bututun kusan dangi ɗaya ne, zafin da zai narka ɗaya yana dab da narka ɗayan. Maganin da masu sana'ar suka gada shi ne su shafe gefen fallen da kwaɓin farin alli da ƙaro, sa'an nan su kankare siririn layi inda ake son liƙin ya kama. Ƙaron nan dai shi ne wanda ake tsinka a jikin ƙayoyin Sudan da Chadi da arewacin Nijeriya, wanda almajirai ke sa wa tawada.

Bututun da ya fito daga hannun mai liƙi bebe ne, ko kuma ya yi wata irin ƙara marar daɗi. Sai an kai shi wurin mai gyaran murya, wanda ke zaune a ƙaramin ɗaki da aka killace daga hayaniya. Shi ne zai yanka tsayin bakin, ya buɗa ko ya tsuke ramin ƙafa, ya ɗan ɗaga ko ya danne harshen da ke ciki da abin da bai kai kaurin gashi ba, ya yi wasu 'yan tsage-tsage a gefensa don rage shuu ɗin iska. Zai yi haka ga bututu 61 har su zama kamar 'ya'yan uwa ɗaya. A ganina a nan ne dukiyar masana'antar take, ba a injuna ba. A shekarun 1930 Möller ya sami wani gwani ɗan Ingila mai suna Richard Whitelegg ya shugabanci wannan sashe, kuma masana da yawa suna ɗaukar ogan ɗin da aka yi a zamaninsa, kafin rasuwarsa a 1944, a matsayin mafi kyawun abin da gidan ya taɓa fitarwa.

Iskar da ke busa duk wannan tarin bututu ba ta da wani ƙarfi. Ana auna ta da tsayin ruwan da za ta iya turawa a cikin lanƙwasasshen bututun gilashi, kuma yawanci inci 3 zuwa 5 ne, wato kimanin kashi 1 cikin ɗari na nauyin iskar da ke danne mu kullum. Yawanta ake bukata da daidaitonta. A da mutane ne ke zuga ta da manyan zugazugai irin na maƙera, daga baya fanka mai lantarki ta karɓi aikin. A yawancin ogan ɗin Möller na ƙarni na 20, danna madanni yana kunna ɗan maganaɗisun lantarki, shi kuma ya saki iskar da ke ƙarƙashin wata 'yar jakar fata, jakar ta lotsa ta buɗe wa bututu ƙofa. Kusan kowane bututu da tasa jakar. A riƙe wannan magana ta fata, za mu komo kanta.

Ɗaki mafi girma a masana'antar shi ne zauren harhaɗawa, mai tsayin bene da yawa ba tare da daɓe a tsakani ba, da dogayen tagogi. Dole ya yi tsayi, tun da bututu mai ƙafa 32 ya kusa mita 10. A nan ake kafa ogan gaba ɗayansa, a busa shi, a gyara kurakurai, sa'an nan a wargaza shi, a sa a akwatuna, a ɗora a jirgi. Can inda za shi a sake kafa shi, a sake daidaita muryoyin da ɗakin. Ko bayan an gama, aikin bai ƙare ba: gudun sauti yana ƙaruwa da kimanin mita 0.6 a daƙiƙa a kan kowane digiri ɗaya na zafi, saboda haka muryar bututai irin na sarewa tana hawa da bazara ta sauka da hunturu, alhali masu harshen tagulla ba su cika motsawa ba. Sai sun riƙa samun mai daidaita su a kai a kai.

Zamanin cin kasuwa

Möller ɗan kasuwa ne na gaske. Ra'ayinsa shi ne duk ƙaramar majami'ar da ke son ogan ta samu daidai kuɗinta, don haka ya tsara aikin kamar na masana'antar mota, kowane ma'aikaci da abin da ya ƙware a kai. A shekarun 1920 akwai lokacin da gidan ke kammala kusan ogan ɗaya a kowace rana. Abokan hamayya sun riƙa yi masa gorin yawa ba inganci, kuma ba za a ce gorin ba shi da tushe ko kaɗan ba, domin wanda ke fitar da ɗaruruwa a shekara ba zai tsaya wa kowanne ba. Amma manyan ayyukansa sun kare masa mutunci. Wanda aka kafa a ɗakin ibada na makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point a 1911 ya fara da bututu ƙasa da 2,500, aka yi ta ƙara masa har ya haura 23,000, yana cikin mafiya girma a duniya. Na gidan silima na Fox da ke Atlanta, wanda aka kafa a 1929, yana da bututu 3,622.

Ogan na silima yana da nasa dalili. Finafinan wancan zamani ba su da murya, sai makaɗi ya zauna gaban majigi yana raka hoton da kiɗa, har da kukan tsuntsu da ƙarar jirgi. Da fim mai magana ya bayyana a 1927, wannan kasuwa ta mutu cikin 'yan shekaru, sai ga karayar tattalin arziki ta 1929 ta biyo baya. Masana'antu da dama sun rufe a lokacin. Möller ya tsira, wani ɓangare saboda wani ƙaramin ogan mai araha da ya fito da shi mai suna Artiste, wanda ke shiga ƙaramin ɗaki. Bai kuma manta da sana'arsa ta farko ba: ya yi harkar ƙera motoci a garin, har da wata da ya raɗa wa sunan 'yarsa Dagmar, da motocin tasi da aka yi ta haya da su a Niyok. Ya rasu a 1937, ɗansa ya gaje shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnati ta hana amfani da kuza da sauran ƙarafa a irin wannan sana'a, kafintocin gidan sun koma yin sassan katako na jiragen saman koyon tuƙi na kamfanin Fairchild, wanda shi ma a Hagerstown yake.

Abin da ya ci gidan

Bayan yaƙi an yi ta gina sababbin majami'u a Amurka, aiki ya dawo. Amma abokin gaba ya riga ya shigo gari. Tun 1935 Laurens Hammond ya fito da ogan mai lantarki wanda ba shi da bututu ko ɗaya. A 1971 kamfanin Allen na Pennsylvania ya fito da wanda ke ajiye siffar muryar bututu cikin lambobi irin na kwamfuta, ya maido ta ta lasifika. Gwanaye sun ce muryar ba ɗaya ba ce, kuma suna da gaskiya, domin bututu dubu da ke magana daga wurare dubu ba za su yi daidai da lasifika goma ba. Sai dai kwamitin ƙaramar majami'a kuɗi yake dubawa, na lantarkin kuwa bai kai rabin kuɗin na bututu ba, ba ya kuma bukatar ɗaki na musamman. Kasuwar ƙananan majami'u, wadda ita ce ginshiƙin Möller, ita ce ta fara zubewa.

Ta sama ma an matsa masa. Manyan makaɗa na wancan lokaci sun koma sha'awar ogan irin na Jamus da Holan na ƙarni na 17 da na 18, wanda sanduna na katako ke haɗa madanni da ƙofar bututu kai tsaye, ba lantarki. Irin wannan aiki ƙananan gidaje masu ma'aikata 10 ko 20 suka fi iya shi. Ga kuma maganar fata da muka ce za mu komo kanta. Fatar jakunkunan nan tana bushewa ta tsage bayan shekara 40 zuwa 60, hayaƙin birane kuma yana gaggauta lalacewarta. Ke nan dubban ogan da aka sayar a shekarun 1920 sun isa sauyin fata a daidai lokacin da na lantarki ke neman masu saye, majami'u da yawa kuwa suka zaɓi su sayi sabon na lantarki maimakon su biya kuɗin sauya jaka dubu biyu ɗaya bayan ɗaya.

Aikin ogan aikin hannu ne, ladan ma'aikata shi ne mafi yawan kuɗinsa, kuma ana sa hannu a kwangila shekara biyu ko uku kafin a gama. Idan farashin kaya ya tashi a tsakani, maƙeri ne ke ɗaukar asara. Babban gida mai tsohon gini da tsofaffin injuna ya fi kowa jin wannan. Duk da haka, a 1990 masana'antar ta kammala ɗaya daga cikin manyan ayyukanta, na majami'ar Calvary da ke Charlotte, mai jerin madannan hannu 5 da bututu fiye da 11,000. Shekara biyu bayan haka, a 1992, aka rufe ƙofa, kamfanin ya karye. A 1993 aka yi gwanjon kayansa: katakon da aka shekara ana busarwa, injuna, bututan da aka riga aka gyara wa murya, har da ginin kansa. Akwai majami'un da suka biya kafin alƙalami ba su taɓa ganin ogan ɗinsu ba.

Ginin bai mutu nan take ba. Wasu tsofaffin ma'aikata sun kafa ƙaramin kamfani mai suna Eastern Organ Pipes, suka kama wani sashe na masana'antar suna ci gaba da narka dalma suna yi wa wasu maƙera bututai, har tsawon shekaru. Sauran sassan kuwa suka zauna ba kowa. A watan Janairu na 2011 gobara ta tashi a ginin, ta yi masa mummunar ɓarna, shekara 115 bayan an gina shi a madadin wanda wuta ta ci.

Wanda ya san yadda irin waɗannan gine-gine suke ba zai yi mamaki ba. Bangon bulo ne, amma daɓen benaye da ginshiƙai da rufi duk katako ne da ya bushe shekara ɗari, ya sha mai da fenti da ƙurar zarto. Zaure mai tsayi marar daɓe a tsakani kuwa, da zarar wuta ta kama, aikin bututun hayaƙi yake yi: iska mai zafi ta yi sama ta fasa tagogi, sabuwa ta shigo ta ƙasa ta zuga wutar. Idan katakon da ke riƙe da bango ya ƙone, dogon bangon bulo ba ya iya tsayuwa shi kaɗai, ko bai faɗi ba sai an rushe shi don kada ya faɗa wa mutane. Tsayin nan da ya sa zauren ya dace da bututu mai ƙafa 32 shi ne kuma ke sa a rasa abin da za a yi da shi bayan bututun ya tafi. Bugu da ƙari, wurin da aka shekara ɗari ana narka dalma sai an kashe kuɗi mai yawa wajen tsabtace shi kafin a bar mutane su zauna a ciki, domin dalma guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Ba kowane irin wannan gini ne ke ƙarewa haka ba. Masana'antar Wurlitzer da ke North Tonawanda a jihar Niyok, wadda ta yi fice da ogan na silima, tana nan tsaye da hasumiyarta, an mai da ita shaguna da zauren biki.

Abin da ya tsira daga Hagerstown takardu ne da kuma kayan da aka riga aka fitar. Sunan Möller da kundayensa sun faɗa hannun kamfanin Allen, wato mai ogan na lantarki, daga bisani kundayen suka koma ma'ajiyar ƙungiyar Organ Historical Society, mai kula da tarihin ogan a Amurka. Kowane ogan da gidan ya ƙera yana da lambarsa, na West Point shi ne na 1,200, na Charlotte kuma na 11,739. Ana samun lambar a jikin akwatunan iska da kuma wasu daga cikin bututan. Idan yau wata majami'a ta rufe aka sayar da ogan ɗinta, ko aka tsinci sahu guda a shagon mai gyara, da wannan lamba ake komawa kundi a gano shekarar da aka yi shi, da garin da aka fara kai shi, da jerin muryoyin da aka yi alkawari a kwangila. Wanda ke Atlanta kuwa an sauke teburin madannansa an yi masa gyara na musamman a 'yan shekarun nan, an mai da shi wurinsa, ana kuma busa shi kafin a fara wasu wasanni a gidan.